Karatun yara a gida da lafiyarsu a shekarar korona: amsoshin tambayoyinku

Bayan da aka rufe makarantu a Najeriya saboda korona a ƙarshen watan Maris na 2020, yawancin wasiƙun da suka riƙa zuwa wannan fili a kan yara suke. 'Yan ajin ƙarshe ne suka fara komawa ranar 4 ga Agusta saboda jarrabawar WAEC da aka soma ranar 17 ga watan. Sauran yara kuwa, a yawancin jihohinmu sai a Oktoba suka sake ganin allo. Ba a gama zango ɗaya ba cutar ta sake tasowa a Disamba. Gwamnatin tarayya ta tsayar da 18 ga Janairun 2021 a matsayin ranar komawa, wasu jihohi sun bi, wasu sun ɗaga, makarantu da dama kuma sun raba ɗalibansu gida biyu, yau a aji gobe a gida. Malaman firamare da sakandare da ma'aikatan lafiya da ke aiki da wannan fili ne suka amsa tambayoyin da ke ƙasa a wancan lokaci. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunaye.

Babbar waya ɗaya ce a gidanmu, ta maigida, kuma da ita yake fita kasuwa. Makarantar 'ya'yana uku tana turo aiki ta WhatsApp a ranakun da ba sa zuwa, wani lokaci har da bidiyo. Data ba ta yi mana kwana huɗu. Ya zan yi? — Wata uwa daga Zariya

Hajiya, fara da sanin abin da ke shan datar. Darasin kai tsaye na Zoom da kyamara a buɗe yana iya cinye rabin gigabait ko fiye a awa guda. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp kuwa wajen megabait ɗaya ne, hoton shafin littafi bai ma kai haka ba. Wato datar darasin bidiyo ɗaya ta ishi saƙonnin murya ɗaruruwa. Sau da yawa ma ba makarantar ce ke cinye ta ba. Ku shiga saitin WhatsApp ku hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, ku hana wayar sabunta manhajoji sai an ba ta izini, ku kashe bidiyon Facebook mai kunna kansa. Waɗannan ukun ne ɓarayin ɓoye a yawancin wayoyi.

Daga nan ki nemi iyaye biyar ko shida ku je wurin makarantar tare, don ƙorafin mutum ɗaya ba ya sauya komai. Ku roƙi a riƙa turo darasi a saƙon murya da bai wuce minti biyar ba, haɗe da hoton shafi ɗaya, a lokaci sananne, misali bayan Magariba sa'ad da magidanta suka dawo. Ku kuma ce a kulle zauren yadda malami kaɗai zai iya turo saƙo. Zauren da aka bari a buɗe, kafin dare saƙonnin barka da Juma'a da tallan atamfa sun binne aikin yara.

Babban abin shi ne ki raba darasin da wayar. Da daddare a sauke saƙon, babba a cikin yaran ya kwafe tambayoyin kowa a littafinsa da fensir, a saurari muryar malami sau biyu. Da safe wayar ta tafi kasuwa, aikin yana gida. In kuna da ƙaramar rediyo mai cin memori ko ƙaramar waya mai tocila, a zuba saƙonnin a memori yara su yi ta maimaitawa. Akwai tarko a nan: saƙon muryar WhatsApp ba MP3 ba ne, ƙananan rediyo da yawa ba sa karanta shi. Masu turin karatu da fina-finai a bakin kasuwa suna iya juya shi zuwa MP3 cikin 'yan mintuna. In akwai maƙwabta da 'ya'yanku ke aji ɗaya, gida ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender, ba ruwansa da data, sai ku riƙa karɓa-karɓa wurin sayen ta.

Wurin mayar wa malami aiki, yaro ya rubuta sunansa da kwanan wata a saman shafi, a shimfiɗa littafin a ƙasa, a ɗauki hoton daga sama sosai, haske na zuwa daga gefe. Hoton da aka ɗauka a karkace cikin duhu, malami zai ga alamar an turo ne kawai, ba zai iya dubawa ba.

Ni ban yi boko ba, maiɗakina ma haka. Yaranmu biyu suna firamare, aji biyu da aji biyar. Ana ta cewa iyaye su taimaka a gida. Da me za mu taimaka? — Wani magidanci daga Gumel

Malam, kun riga kun san aikin, domin a makarantar allo ma ba sabon karatu ne ke riƙe yaro ba, biyawa ce kullum a gaban wanda ke saurare. Wannan saurare shi ake nema a wurinku.

Ku tsayar da lokaci ku ɗaura shi a kan salla maimakon agogo: bayan karin kumallo, sai kuma bayan La'asar. Ɗan aji biyu minti ashirin ya ishe shi a kowane zama. Ɗan aji biyar zai iya minti arba'in zuwa awa ɗaya, da ɗan hutu a tsakani. Abin da ya wuce haka zaman dirshan ne, ba ya shiga. A zauna a tabarma ɗaya kullum, kuma a lokacin kada a aiki yaron ko da sayen magi ne.

Ka ce masa ya karanta maka da ƙarfi. In Hausa ce, kunnenka zai gaya maka ko maganar tana da ma'ana. In Turanci ne, ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da ya faru, sannan ka tambaye shi, “Sai kuma me?” Yara da yawa haddace shafi suke yi, su rera shi tiryan-tiryan alhali ba sa gane baƙi ko ɗaya. Don ka gane, ɗora yatsanka a kan wata kalma a tsakiyar shafi ko a layin ƙarshe, ka ce ya faɗe ta. In sai ya koma farko ya taho da waƙa kafin ya iso wurin, to hadda ce, ka sanar da malaminsa. Ka riƙa buɗe littafin rubutunsa kana duba ko shafuka suna ƙaruwa, ko akwai jan biron malami.

Lissafi kuwa kun fi ƙarfinsa. Ku ba shi kuɗin cefane ya faɗi canjin kafin ya fita. Ku tambaye shi, in mudun gero kaza ne, mudu uku nawa ke nan.

In gidan rediyon jiharku yana sa darussan firamare, ku nemi jadawalin a wurin hedimasta. Amma rediyo ba ta jiran kowa, ba ta kuma san yaro ya tashi bin akuya ba. Dole wani ya zauna tare da shi, littafi da fensir a hannu tun kafin a fara, in malamin rediyo ya ce a maimaita a maimaita da ƙarfi, in an gama a yi minti goma ana tambayarsa abin da ya ji. Ɗan aji biyar zai iya yi wa ƙanensa wannan, shi ma ya ƙaru, da sharaɗin ba bulala a hannunsa.

Ina koyar da aji huɗu a wata firamaren gwamnati, yara tamanin. Sun dawo kamar ba su taɓa riƙe fensir ba, wasu ko sunansu sun kasa rubutawa. An ciyar da su gaba, kuma hedimasta ya ce lallai in gama manhajar aji huɗu. Ta ina zan fara? — Wani malami daga jihar Katsina

Malam, kada ka fara da manhaja, fara da gwaji, ɗaya bayan ɗaya. Ka shirya takarda ɗaya mai kashi huɗu da Hausa: baƙaƙe goma, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu gajeru, da labari mai jimla takwas zuwa goma. Ka fara ba yaro sakin layin. In ya karanta da kuskuren da bai wuce uku ba, ka hau da shi labari. In ya kasa, ka sauko kan kalmomi, ya zaɓi biyar, a nemi huɗu daidai. In ya kasa, ka sauko kan baƙaƙe da wannan ma'auni. A lissafi ka fara da ɗebewa mai aro, lamba biyu-biyu, guda biyu. Wanda ya ci duka ka ba shi rabawa, lamba uku a raba da ɗaya. Wanda ya kasa ka gwada ko yana gane lambobi daga 10 zuwa 99, sannan daga 1 zuwa 9. Kowane yaro minti huɗu ne. Yara goma sha shida a rana, cikin mako guda ka gama da tamanin ɗin. Ka yi gwajin a gefe, ba a gaban aji ba, ka kuma gaya musu ba jarrabawa ba ce.

Wannan tsari ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da shi, an kuma yi aiki da shi a jihar Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida. Hujjarsa a fili take: yaron da bai san baƙi ba, ko shekara ka yi kana rubuta masa darasin aji huɗu a allo, zane kawai yake kwafa.

Da sakamakon a hannu, ka raba ajin rukuni uku, ka ba su awar farko ta kowace rana, sauran lokacin ka bi manhaja. Rukunin baƙaƙe su yi aiki da jadawalin gaɓoɓi, ba be bi bo bu, kana nunawa a tsallake ba a jere ba, don kada waƙa ta shigo. Ka ba ɓ, ɗ, ƙ, ts da sh lokaci na musamman, nan suka fi tuntuɓe. Da Hausa ake farawa saboda yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, yaro yakan kama da wuri, wanda ya iya haɗa gaɓa a harshensa kuma Turanci ba ya ba shi wuya kamar da. Rukunin kalmomi ka yanka musu gaɓoɓi a kwalin taliya su riƙa haɗawa: ka da za, kaza, ra da go, rago. Rukunin labari su karanta, su ba da shi da bakinsu, su rubuta jimla uku a kansa.

A lissafi ka sa ido kan kuskure ɗaya da ya fi kowane yawa. Ka ba yaro 52 a ɗebe 27, ya rubuta 35. Bai yi caca ba, ƙa'ida ya bi: a kowane layi ya cire ƙarami daga babba, biyu daga bakwai, biyu daga biyar. Maganinsa tsinken tsintsiya. A ɗaure goma-goma da roba, a ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, ka ce ya ba ka ashirin da bakwai. Zai ga tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba, sai ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Aron ke nan, kuma wanda ya kwance robar da kansa ba ya mantawa.

Bayan mako uku ka sake gwaji, duk wanda ya haura ya sauya rukuni. Abin da ke kashe tsarin shi ne rukuni ya zama gidan zama, ko a laƙa masa suna irin su “ajin daƙiƙai”. Ka sa musu sunan launi ko na gari. Shi kuma hedimasta kada ka yi jayayya da shi, ka kai masa takardar sakamakon ya ga yara nawa ne cikin tamanin ke iya karanta labari.

Game da ranakun da suke gida, akwai binciken da aka yi a Botswana a 2020 da gidaje wajen 4,500. Wasu an riƙa tura musu 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako, wasu kuma an haɗa musu da kiran waya na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Waɗanda ake kira ne suka ci gaba a zahiri, saƙon shi kaɗai bai tsinana abin kirki ba. Ba za ka iya kiran tamanin ba. Zaɓi goma mafi rauni, ka kira wayar iyayen a lokacin da kuka shirya, a buɗe lasifika, nau'in lissafi ɗaya tak a kowane kira, yaro ya faɗa maka yadda ya yi ba amsa kaɗai ba. Kuɗin katin ya fito daga kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye, kada ya fito daga albashinka.

Ɗana yana da shekara 16, yana babbar sakandare aji biyu. Tun lokacin kulle ya sauya. Dare yana kan waya, rana yana barci, ya daina ƙwallo, ba ya cin abinci sosai, magana kaɗan ya hau faɗa. Yanzu cewa yake makarantar ma ba ta da amfani. 'Yan uwa sun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. — Wata uwa daga Kaduna

Hajiya, ki fara da barcin, domin shi ne ya fi sauƙin gyara kuma yana jan sauran. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma na dare. Wanda ya yi wata shida yana kwanciya ƙarfe uku ba zai iya barci ƙarfe goma don an ce ya yi ba. Lokacin tashi ake fara kamawa. Ya tashi Asuba, in ya koma kada ya wuce lokaci ɗaya tsayayye, ya fita rana da safe, barcin rana kada ya wuce rabin awa, ban da shayi mai kauri ko lemon ƙara kuzari bayan La'asar. Lokacin kwanciya kuma a riƙa jawo shi baya da rabin awa duk bayan kwana biyu ko uku. Waya ta kwana a ɗakinki tana caji, ta kowa da kowa a gidan, ba tasa kaɗai ba. Ƙwace ta da ƙarfi yakan ƙare ne da wata wayar a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro ɗan 5 zuwa 17 ya motsa jiki awa ɗaya kullum, don haka ki nemi abokin ƙwallonsa ya riƙa biyo masa.

Sai magana. Kada a tara masa taron dangi. Mutum ɗaya da yake jin nauyi kuma yake sakin jiki da shi, kawu ko yaya ko wani malaminsa, ya ja shi su fita. A tambaye shi me ya fi damunsa, a yi shiru a ji. Maganarsa ta cewa makaranta ba ta da amfani ba daga sama ta faɗo ba. Ya ga yayyensa na jami'a sun zauna a gida tun Maris har Disamban 2020 saboda yajin aikin malamai, ya ji labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a watan Disamba. Mai yiwuwa kuma tsoro yake ya koma aji a ga an bar shi a baya. In haka ne, darasi ɗaya da ya fi tsoro za a nema masa mai koya masa.

Ki lura da alamun ƙwaya: kuɗi na ɓacewa, sababbin abokai da ba ya so a gani, jan ido, magana na jan ƙafa, fankon taramol ko kwalbar maganin tari a aljihu.

In kin gyara barci amma ya haura mako biyu cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, yana ramewa, to a ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna, akwai irinsa a Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma likitan babban asibiti zai iya fara dubawa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su, amma kada a yarda da duka, ɗauri ko turaren da zai shaƙe shi. In ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya amsa, a kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshi da duk ƙwayoyin gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Ina da ƙaramar makaranta, boko da safe Islamiyya da yamma, ajinmu yakan kai yara sittin. Wasu sun zo sun ce in biya su yi feshi. Ga hunturu, iyaye suna so a rufe tagogi. Kuɗinmu kaɗan ne, a ina ya kamata mu sa su? — Mai makaranta daga Kano

Alhaji, riƙe kuɗin feshin. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar feshin ɗakuna da harabar gini don korona ba, fesa wa mutane a jiki kuwa ta hana shi. Ajin da ya yi makonni a rufe shara yake buƙata da duba kunama da maciji. Cutar daga numfashin mutum take fitowa, ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso.

Don haka tagogi su ne kan gaba, kuma a buɗe ɓangare biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Saboda sanyi, a ɗaga lokacin shiga zuwa takwas da rabi, yara su sa rigar sanyi, masu asma a zaunar da su nesa da bakin taga. Rana na ɗagawa a fitar da rabin aji ƙarƙashin bishiya ko rumfa. Tsakanin darasi da darasi kowa ya fita na minti goma, ƙofa a buɗe.

Tazarar mita biyu da aka sa cikin ƙa'idojin buɗe makarantu na 2020, ga lissafinta: aji mai mita bakwai da takwas, in ka cire wurin malami, yara goma sha biyu zuwa sha shida zai ɗauka. Da tazarar mita ɗaya zai ɗauki talatin ko fiye. Abin da za ka iya shi ne raba sittin ɗin biyu, ko dai rana-rana ko safe da hantsi, kowane rukuni da mutanensa, ba a cakuɗawa. Amfaninsa, in wani ya kamu rukuni ɗaya za ka sallama, ba makaranta duka ba.

Wurin wanke hannu ba sai ka sayi famfo ba. A samu jarka mai lita biyar, a ƙona ƙusa a huda ƙaramar ƙofa a kafaɗarta ƙasa da murfi, a rataye ta ta mariƙi a sandar da aka gitta kan gwafa biyu. A ɗaura igiya a wuyanta zuwa wata sanda a ƙasa. Yaro ya taka sandar, jarka ta sunkuya, ruwa ya tsiyayo, hannu bai taɓa komai ba. A haƙa ɗan rami a ƙasa a cika da tsakuwa don kada wurin ya zama caɓi. Sabulun sanda ɓacewa yake, ko akuya ta cinye. A maimakonsa a zuba omo giram 30 a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin. A cuɗa hannu na daƙiƙa ashirin. Abin da ke kashe waɗannan wurare ba ya wuce rashin wanda aka ɗora wa cika jarka, don haka ka rubuta sunan mai aikin kowace rana.

Na goge benci da mariƙin ƙofa da buta, ruwan bilic mai ƙarfin 0.1% ake so. Ka duba jikin robar. In an rubuta 3.5%, awo ɗaya ne ga awo 34 na ruwa, wato kusan gwangwanin madara biyu a bokiti mai lita goma. In 5% ne, ɗaya ga 49. A fara wanke datti da sabulu, sannan a goga, a bar wurin da danshi na minti ɗaya. A haɗa sabo kullum don ƙarfinsa yana raguwa, a ajiye a inuwa, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, yana tayar da hayaƙi mai guba. Babba ne zai haɗa, ba ɗalibi ba.

Takunkumi, a ƙa'idar 2020: 'yan shekara biyar zuwa ƙasa ba a sa musu. Daga 12 zuwa sama kamar manya suke. Na tsakiya su sa a cikin aji in akwai mai lura. Kowane yaro biyu na yadi, a wanke kullum, a rubuta suna, don musanya suke yi. Na'urar auna zafi ta goshi kada ka dogara da ita sosai. Yaron da ya sha sanyin hanya za ta nuna ƙasa, wanda ya sha rana ta nuna sama, sai an bar shi ya huta a inuwa, ga shi yara da yawa masu cutar ba sa zazzaɓi. Haɗarin ma ya fi kan malamanka, musamman dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini. Ofishin malamai, inda ake cire takunkumi a ci abinci kwano ɗaya, ya fi kowane aji buƙatar buɗaɗɗiyar taga.

'Yar ƙanwata mai shekara 14 ta fara tallan awara lokacin kulle. An koma makaranta ita ba ta koma ba, yanzu har an fara zancen miji. — Wata malama daga Azare

Malama, ki gaggauta, don kowane mako da ta ƙara a waje yana rage yiwuwar komawarta. A Saliyo, lokacin Ebola a 2014 da 2015, makarantu sun yi wata takwas zuwa tara a rufe, 'yan mata da yawa ba su dawo ba, wasu saboda ciki, wasu aure, wasu neman abinci.

Kada ki shiga gidan da wa'azin amfanin ilimi, sun sha ji. Ki zauna da ƙanwarki ku yi lissafi: nawa tallan ke kawowa a rana, me ake yi da kuɗin, me komawar za ta ci. Sau da yawa abin da ya tare hanya ƙarami ne, yunifom ya matse, takalmi ya tsinke, ana bin kuɗin ƙungiyar iyaye, ko yarinyar tana jin kunyar an wuce ta. In kuɗin awarar ne ake ci, a nemi yadda za a sayar a ƙofar gida ko a mayar da shi bayan an tashi. Ki je makarantar da kanki ki tabbatar sunanta na nan a rajista, ki nemi wata malama ta riƙa lura da ita. Zancen aure kuma da mahaifin za a yi shi, ta bakin wanda yake jin maganarsa, yayansa ko liman ko mai unguwa. Abin da za a roƙa ya zama takamaimai, a bar ta ta gama ajin da take ta rubuta jarrabawa, hakan ya fi saurin karɓuwa a kan a ce ya fasa. Ki kuma keɓe da yarinyar ki tambaye ta ko wani ya taɓa takura mata a wurin talla. Ba za ta faɗa a gaban uwarta ba.

Yarona ɗan shekara bakwai ya tashi da zazzaɓi da mura. In tura shi makaranta da takunkumi? — Wani uba daga Gusau

A'a, Malam, ya zauna a gida, kuma a nisanta shi da kakanninsa. A kai shi asibitin sha-ka-tafi a yi gwajin maleriya na tsinke, sakamako yana fita cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kada a sayi maganin maleriya ba gwaji, kuma samun maleriya ba ya nufin babu korona. In wani babba a gidan yana tari ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ku gaya wa ma'aikacin lafiya. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, duk bayan awa shida. Mai kilo 20 rabin ƙwaya mai miligiram 500 ke nan. Ban da asfirin. A yawaita ba shi ruwa. In numfashinsa na sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya yi jijjiga, ko ya kasa shan ruwa, ko wuyansa ya sanƙare, a tafi babban asibiti ko da tsakar dare ne. In gwaji ya nuna korona ce, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ita ce kwana goma daga ranar da alamu suka fara, a ƙara kwana uku da ba zazzaɓi ba tari, kafin ya koma aji.